Yadda Na Kusa Sa A Tsaga Ƙirjin Gwaggo A Jamus

Tun da muka dawo ban yi ɗinkin kirki ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo shago: "Tanimu na Jamus, yaya ƙasar Turawa? Da gaske ne an yi wa Gwaggo aikin zuciya ba a yanka ta ba?" Na ba da labarin nan a shago, na ba da shi a bakin masallaci, na ba da shi wajen mai shayi a Unguwar Gabas, kuma Allah Ya sani kowace bayarwa sai na ƙara gishiri na mai da kaina jarumi. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, har da wurin da nake tsallakewa. Ni ba mai dogon karatu ba ne, firamare na gama na kama almakashi, sai a yi haƙuri da rubutun.

Gwaggo Delu yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a gidanta na Muchia tun ina yaro. Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa a kasuwar Sabon Gari ya san ta. Ɗanta na fari shi ne Yaya Garba, wanda ya yi karatun aikin gona a Samaru, ya wuce Jamus ƙaro ilimi tun ban mallaki hankalina ba, ya zauna can har furfura ta cika masa kai. Gwaggo kuwa irin mutanen da ne wajen kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, sai dai ta ce "wancan". In ya bugo waya ni nake riƙewa, ita tana gefe tana tsince gyaɗa, tana cewa, "Ka ce wa wancan muna lafiya."

Alhali ba lafiyar. Haki ya fara kama ta, daga ɗaki zuwa rijiya sai ta tsaya ta dafa bango. Sau biyu tana suma. Na biyun a bakin kaskon suya ne, mai ya ƙona mata hannu tun daga gwiwa har wuyan hannu. Likitan zuciya a nan Zariya ya ɗora mata na'ura a ƙirji, ya nuna mana wani abu yana motsi a allo. Ya ce akwai wata 'yar ƙofa da jini ke bi ya fita daga zuciya ya zaga jiki, to tata tsufa ya sa ta ƙage ta tsuke, jinin da kyar yake kurɗawa. Ya ce maganin da aka sani shi ne a tsaga ƙashin ƙirji, a tsayar da zuciya, a cire ƙofar a ɗinka wata.

"Amma ga shekarunta ga raunin jikinta," in ji shi, "ba likitan da zai yarda ya taɓa ta."

Gwaggo ta gyara gyalenta ta ce, "Ko shi ya yarda ni ban yarda ba. Ni ba ragon layya ba ce. A ɗinke na zo duniya, a ɗinke zan koma."

Ni maganar likita ce ta maƙale mini a kai: mai rauni ba a taɓa shi. Da Yaya ya bugo ya ce asibitin garinsu sun fara wata sabuwar hanya da ba a tsaga mutum, kuma sun yarda su duba ta, ya yi mini dogon bayani. Waya na yankewa, janaretan maƙwabci na ruri, rabin maganar ban ji ba. Amma saboda kada a ce tela bai gane ba, sai na riƙa cewa, "Na gane, Yaya, na gane sarai." Wannan "na gane" ita ce mafarin duk abin da ya biyo baya.

Ni aka zaɓa in raka ta, don ba za ta taɓa faɗin ciwon jikinta ɗan farinta ya fassara ba. Sai na ɗaura ɗamarar mai da Gwaggo yarinya. Wajen yin fasfo, da yake ba ta da takardar haihuwa, aka tambaye ni shekarunta, na zabtare goma. Da Yaya ya ga haka dariya kawai ya yi a waya, ya ce, "Tanimu, ka mai da ni ƙanin Gwaggo ke nan?" Sannan na zauna na ɗinka mata riguna masu dogon hannu har da maɓalli a wuyan hannu, don kada a ga tabon ƙunar.

Ranar tafiya rabin layinmu suka rako mu tasha. Mama Ngozi mai sayar da garin kwaki kusa da rumfar Gwaggo ta rungume ta tana hawaye tana cewa, "Mama Delu, go well o, ki dawo mana da sabuwar zuciya, tsohuwar ta cika faɗa." A mota kuwa, tun daga Palladan har muka wuce Kaduna, darasi nake ba ta.

"In sun ce kina haki, me za ki ce?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"A'a Gwaggo, ki ce babu. In sun ce kin taɓa faɗuwa fa?"

"Kai ɗan nan, ƙarya za ka koya mini da tsufana?"

"Ba ƙarya ba ce, dabara ce. Ke dai ki yi shiru ki miƙe baya, ni zan yi magana."

Wani ɗalibi daga Samaru da ke zaune a gabanmu ya juyo ya ce, "Baba, wallahi ka iya horo, kamar kocin ƙwallo." Na ji daɗi har na saya masa tsire a Tafa.

A filin jirgin Abuja wata ma'aikaciya ta gunguro keken marasa lafiya. Na daka tsalle na tare, na ce wa ya gaya mata tsohuwata ba ta da ƙafa? A tunanina Turawa na rubuta komai, in aka gan ta a keke labari zai riga mu zuwa asibiti. Cikin jirgi Gwaggo ta ƙi abincinsu, ta ce kazar ba ta ga wuta ba, ta kwance ƙullinta ta ci ƙuli-ƙuli, har ta miƙa wa Baturen da ke gefenmu, ya karɓa ya gatsa, na ji ƙarar haƙorinsa. Ni kuma na shiga banɗaki na danna wani maɓalli, abin ya yi wani irin zuƙa da na ɗauka jirgin ne ya fashe, na fito ina salati da ƙarfi, wando a hannu.

Filin jirgin Frankfurt gari ne guda mai rufi. Tafiya ba ta ƙarewa. Nan ma aka kawo keke, nan ma na kore shi. Gwaggo ta riƙa tsayawa tana yin kamar gyale take gyarawa, ni ina jin numfashinta kamar ana zuga zuga-zugin maƙera. Leɓenta ya canza launi. Na gani, amma na ce mata, "Daure, an kusa." Duk lokacin da na tuna wannan tafiyar sai in nemi gafarar Allah.

Mai duba fasfo bai ɓata mana lokaci ba, ya kalle mu ya buga hatimi. Wanda ya kama ni kare ne. Na naɗe kilishin da na sayo wa Yaya cikin shadda, na cusa a ƙasan akwati. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya shinshina, ya zauna a gaban akwatin ya zuba mini ido kamar alƙali. Ma'aikacin kwastan ya ce ba a shigo da nama, ya ɗauke kilishin gaba ɗaya, ya bar mana kuka da kuɓewa busasshiya. Daddawa kuwa da ya buɗe ya shinshina sai ya ja da baya ya yi mana hannu mu tafi da abinmu. Gwaggo ta ce, "Ikon Allah, ƙasar da kare ma yana da aikin gwamnati, kai ga ka nan."

A bakin fita muka hango Yaya da matarsa Rifkatu, 'yar Zonkwa ce, a makaranta suka haɗu a Samaru, can kuma tana aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. Yaya ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a, idonsa ya cika. Gwaggo ta kau da kai, ta rungume Rifkatu, sannan ta ce mini, alhali ga shi a gabanta, "Ka tambayi wancan ko ba ya cin abinci ne, na ga ya rame."

Rifkatu ta ce, "Mama, laifina za ki gani ke nan tun ba mu je gida ba?"

"In ba naki ba na wa?"

Daga nan jirgin ƙasa muka shiga zuwa garinsu. Ni da na tashi ina ganin jirgi a tashar Sabon Gari, wanda in ya ce yau to gobe ne, sai ga wani yana gudu ba ƙara, shayi ma ba ya zuba. Mutane cike amma tsit kamar zaman makoki. Na yi sallama da na shiga, ba wanda ya amsa, wata tsohuwa ta ja jakarta ta rungume.

Gidan Yaya a sama yake, kuma ba na'urar hawa. Ya so ya goya Gwaggo, ta ce in ya matso za ta koma Zariya da ƙafa. A kowace kwana ta matakala sai ta tsaya ta riƙe ƙarfe, ni kuma in yi sauri in ce furannin taga take kallo. Amma na ga Rifkatu tana kallon ƙirjin Gwaggo yana hawa yana sauka.

Abubuwan mamaki a ƙasar nan ba sa lissafuwa. Da bazara muka je, rana ta ƙi faɗuwa, Gwaggo ta yi alwalar magariba ta zauna jira har alwalar ta karye. Abincin darensu sanyi ƙalau, burodi baƙi mai tsami da cuku. Na ɗauki ruwa na kurɓa, ashe mai iska ne, ya fito mini ta hanci. Shara ma sai an yi mata aji-aji, ta takarda daban, ta kwalba daban, ta ɓawon dankali daban. Ran Lahadi kuwa ba a hayaniya ko kaɗan. Ban sani ba, Gwaggo ta sa ni dakan daddawa a ɗan turmin Rifkatu, sai ga maƙwabcin ƙasa, wani tsoho mai gemu, ya hau yana faɗa da hannu da ƙafa. Gwaggo ta ce, "Yunwa ce ke damunsa," ta cika masa hannu da ƙuli-ƙuli. Bayan kwana biyu ya dawo da kwano a hannu yana neman ƙari.

Sai ranar asibiti. Tsabtarsa ta sa na so cire takalmi a ƙofa. Gwaggo ta ce wancan ya zauna a waje, Rifkatu kuma tana wajen aiki, saboda haka ni da ita muka shiga. Likitar mace ce doguwa mai ɗan gashi, tana Turanci a hankali don in gane. Sun riga sun yi hotunansu, ta ce ƙofar ta tsuke ƙwarai. Sai ta fara tambaya.

Tana haki? Na ce kaɗan, in ta yi gudu. Ta taɓa suma? Na ce ko sau ɗaya. Tana wanka da kanta, tana girki? Na ce har daka take yi, har kasuwa take zuwa a ƙafa. Aka ce ta yi tafiya a baranda. Na raɗa mata, "Gwaggo, yau ce ranar." Baiwar Allah nan ta cije, ta miƙe kamar soja, ta je ta dawo, sai da muka shiga banɗaki ta zube a jikina. Likita ta yi murmushi ta ce za su zauna da likitocin fiɗa su yi shawara. Na fito ina taƙama, na ce wa Yaya, "An gama, na iya da su."

Da aka kira mu jin sakamako, likita ta shigo da wani babban likitan fiɗa mai manyan hannuwa. Ta ce albishir: tun da Gwaggo shekarunta ba su yi nisa ba, kuma jikinta da ƙwari haka, sun ga abin da ya fi mata shi ne aikin da aka saba, na tsaga ƙirji, don shi aka daɗe ana yi aka san ƙarkonsa. Sabuwar hanyar kuwa, da yake ba a daɗe da fara ta ba, ana yi wa waɗanda tsufa da rauni suka hana a tsaga su ne kawai.

Gwaggo ta taɓa ni ta ce, "Me suka ce?" Na tsaya neman abin da zan ce. Mai manyan hannuwan, don ya taimaka, sai ya ɗora yatsa a ƙirjinsa ya ja layi daga wuya zuwa ciki. Gwaggo ba ta buƙaci tafinta ba. Ta tashi ta ɗauki jakarta ta ce, "A kai ni gida in mutu a ɗakina."

A gida ta shiga ɗaki ta fara ninke kayanta. Yaya ya zauna ya dafe kai, ya kasa gane yadda aka yi. Rifkatu ta dawo daga aiki ta ji labari, ta kira ni kicin ta tura ƙofa. Kullum tsakanina da ita wasa ne, "mijina ƙarami" take ce mini, amma ranar ba wasa a fuskarta.

"Tanimu, matar da ba ta iya hawa matakala, wa ya ce musu tana da ƙwari? Me ka gaya wa likita?"

Na fara kame-kame. Ta ce, "Kalle ni." Sai na fashe da kuka kamar yaro, na faɗa mata komai, tun daga fasfo har rigar dogon hannu. Ta ce, "Yesu! Kai da aka aiko ka kawo mara lafiya, ka zo ka warkar da ita da baki?" Ta ce in je in faɗa da kaina. Na durƙusa a gaban Yaya na faɗa, na rarrafa ƙofar Gwaggo na maimaita. Yaya bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Cewa ya yi, "Ai na yi maka bayani a waya, ka ce ka gane."

Rifkatu ta roƙi asibiti suka sake ba mu lokaci. Amma likita ta kafa sharaɗi: ba ta son tafintan farko, wato ni, kuma tana so ta ji daga bakin mara lafiya, a gaban iyalinta. Nan fa ake yin ta. Gwaggo ta ce ita ba za ta zauna tana lissafa ciwonta a gaban wancan ba. Rifkatu ta zauna kusa da ita a bakin gado ta ce, "Mama, zaɓi biyu ne. Ko ki ji kunya na ɗan lokaci, ko ki koma Zariya da tsohuwar ƙofa. In kin koma haka, shi wancan ɗin da kike kunya ba zai sake cin abinci ya ƙoshi ba." Sai Gwaggo ta daina ninke kaya.

Wannan karon a keken marasa lafiya muka shiga da ita, ni nake turawa. Rifkatu ke fassara da Jamusanci. Likita ta ji bayanin shekaru, ta ce to yaya za a san gaskiya? Rifkatu ta nuna Yaya ta faɗi shekarunsa. Likita ta duba fasfo ta duba shi, ta ga tsiran da ke tsakaninsu bai kai goma ba. Ashe ita duk zatonta ɗan uwan Gwaggo ne, tun da ba ta taɓa ganin sun haɗa ido ba. Ta juya ta tambayi Gwaggo kai tsaye, wannan mutumin me yake a gare ki?

Gwaggo ta ja gyale ta rufe rabin fuskarta, ta kalli bango.

"An ce ni na haife shi."

Rifkatu ta ce, "Mama, an ce, ko ke kika ce?"

Gwaggo ta ce, a hankali, "Nawa ne. Shi ne na fari. Da damina na haife shi, a ɗakin uwata."

Yaya, dattijo mai furfura, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Daga nan kuma kamar an buɗe famfo. Ta faɗi hakin, ta faɗi sumar, ta ce ta daɗe a zaune take salla, ta ce jikarta ke yi mata wanka, ta ce tarin hayaƙin suya ya fi shekara talatin yana damunta. Sannan ta miƙo mini hannu ta ce, "Kai da ka ɗinka, kwance." Na ɓalle maɓallin da hannuna, na naɗe rigar, tabon ya fito. Likita ta kalli tabon, ta kalle ni.

Aka sake gwaje-gwaje, har da na huhu da na ƙoda, aka auna jijiyoyin cinyarta a ga ko hanya za ta wuce. Kwanakin jiran nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Da suka sake zama suka ce sun yarda, tsaga ƙirji zai yi mata nauyi, za a bi ta jijiya, sai na fita baranda na yi sujada a kan tayil, wata nas ta rugo ta ɗauka ni ma suma na yi.

Wani abin da ya bambanta da gida shi ne ba sa ɓoye wa mara lafiya komai. Mu nan dangi ake ja gefe a yi musu raɗa. Can likita ta zauna a gaban Gwaggo ta ce jijiya na iya yagewa, ɓarin jiki na iya shanyewa, ana iya rasa rai, kin yarda? Ta nuna mata samfurin ƙofar: wata 'yar raga ta ƙarfe, a ciki an ɗinke tantanin zuciyar saniya. Na karɓa na duba ɗinkin, wallahi da hannu aka yi shi, ƙanana kamar aikin hula. Za a matse ta ta yi siriri, a zura ta jijiyar gindin cinya, a tura har cikin zuciya, a hura balan-balan ta buɗe a cikin tsohuwar ta danne ta gefe, zuciya kuma ba a cire ta daga aikinta ba.

Gwaggo ba ta gane ba. Na ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, Rifkatu ta harare ni sannan ta ce in yi magana. Na ce, "Gwaggo, in mazagi ya zare daga wando, farke wandon ake yi?" Ta ce a'a, tsinke ake ɗaura masa a bi ta ƙubaka. Na ce, "To shi ke nan." Ta gyaɗa kai. Tambaya ɗaya ta yi: "Saniya dai ko? Ba ɗayan ba?" Aka tabbatar mata ba na alade ba ne. Ta ce, "To madalla, da ma da nono aka raine ni," ta dangwala yatsa.

Ranar aikin aka gungura ta da safe. Ni da Yaya muka zauna a wani ɗaki mai kifaye a cikin gilashi. Na ja carbi har yatsuna suka yi zafi. Yaya ya ce mini, "Ka san tun da nake ban taɓa jin ta ce ni nata ba ne? Ƙaryarka ta yi rana ɗaya, amma kada ka ƙara." Kafin azahar sai ga likita ta fito tana cire hula, ta ɗaga babban yatsa. Na rungume Yaya, na rungume wani Bature da ke jiran matarsa, na kusa rungume likitar ma Rifkatu ta janye ni ta riga.

Da ta farfaɗo, abin da ta fara yi shi ne ta shafa ƙirjinta daga sama har ƙasa. Ta sake shafawa. Ta ce, "Ba su yi ba ne?" Rifkatu ta ce, "An yi, Mama, an gama." Ɗan filasta ne kawai a cinya. Ta ja numfashi mai tsawo ta ce, "Ashe haka iska take da yawa."

Zaman asibitinsu ma abin kallo ne. Ba mai shimfiɗa tabarma a baranda, ba kulolin tuwo. Mai dubiya fure yake kawowa. Maƙwabcin nan mai gemu ya zo da nasa, Gwaggo ta karɓa ta juya shi ta ce, "Ka tambaye shi ana miya da shi ne?" Ba a daɗe ba aka tashe ta tana takawa. Ranar da aka sallame ta ta hau matakalar gidan Yaya, ta tsaya sau ɗaya tak, ta juyo ta ce mini, "Wannan karon da gaske furen nake kallo."

Da za mu dawo aka kawo keke a filin jirgi, na ce maza a kawo, har ina neman ko akwai na biyu. Yaya ya durƙusa yin ban kwana. Ba ta kalle shi ba, amma ta ɗora hannu a kansa, ta bar shi a nan har aka kira jirginmu.

A Muchia gida ya cika. Mata suka riƙa cewa a nuna musu wurin ɗinki, tana buɗe musu wuyan riga suna salati. Mama Ngozi ta kara kunne a ƙirjinta ta ce ita tana jin kukan saniya. An hana ta suya saboda hayaƙi, tana shan magungunanta, muna kai ta likitan Zariya yana dubawa. Sallar asuba kuwa a tsaye take yin ta yanzu.

Jumma'ar da ta wuce ina gidan wayata ta yi ƙara, na ga Yaya ne. Na gyara zama kamar yadda na saba, na ce, "Gwaggo, me zan ce masa?"

Ta ajiye farantin gyaɗa, ta goge hannu a zane, ta miƙo.

"Ba ni nan. Kai ba a aikenka."

Ta riƙe wayar a juye, na gyara mata. Ta kara a kunne, ta juya mini baya, ta yi gyaran murya.

"Kai wancan," in ji ta, "ka ci abinci?"